Katambiri a Fuskar Mai Takaba

Sunana Sabuwa, amma a Wurno in ba ka ce Sabuwa mai tandu ba, sai a kai ka gidan wata mai tuwon sayarwa. Tandu 'yar batta ce ta fata da ake zuba tozali ciki, nawa kuwa guda huɗu ne, kullum suna rataye a wuyana. Shekara talatin da wani abu ina gyara fuskokin matan garin ga, tun daga unguwar marina har bakin ganuwa. Ba yabon kai ba, in na ja wa mace tozali, ko mijinta makaho ne sai shi ji a jikinshi an yi wani abu a gidan.

Mata suna zaton kwalliya kaya ce. Ina! Hannu ce da haƙuri. Tozali in za ki niƙa, ki niƙa shi bisa dutsen da bai taɓa ganin barkono ba, ki tace da ƙyalle, sannan ki ɗan lasa ki gurza da haƙoran gaba. In kin ji tsakuwa, koma ki sake niƙa, ido ba turmi ba ne. Tsinken kuma ki ɗumama shi a tafin hannu, ki aza daga wajen hanci, ki rufe ido bisanshi, ki ja waje sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Masu ja sau uku su ne kike gani a gidan suna kamar an kwana ana dukansu. Man kaɗe kuwa a shafa shi tun jiki na da damshin wanka, ɗan kaɗan, ba a yi ta laftawa ba har ƙuda su bi ki kasuwa. Haƙori a fara goga mashi furen taba, sannan a ci goro, ba goro kafin fure ba.

Amma abin da anka san ni da shi katambiri ne. 'Ya'yan itace ne da fatake ke kawo mana daga kudu, a daka, a matse ruwan, a yi zane da shi a fuska. Lokacin da ake zanawa kusan ba a ganinshi, shi ya sa nike zuba mashi ɗan garin gawayi don in ga inda hannuna ya bi. In ya sha iska sai shi yi baƙi ƙirin, ruwa ba shi wanke shi. Kwana huɗu gare shi a fuskar mace, ran na biyar ya tafi. Haka uwata ta koya mani, haka na gani a fuska ta fi dubu.

Cikin fuskokin nan babu wadda hannuna ya sani kamar ta Hauwa'u. 'Yar Rabah ce, ba uwa ba uba, anka kawo ta aure gidan Mode mai noman albasa a fadamar Rima, katanga ɗaya da ni. Fata gare ta mai santsi, irin wadda katambiri ke so. Na yi mata zanenta ita kaɗai: layi ɗaya daga tsakar goshi zuwa kan hanci, da ɗigo uku-uku ƙarƙashin kowane ido. Shekara shida ba ta taɓa yarda ya goge sarai ba, da ya fara dishewa sai in ji ta bisa katanga, "Inna Sabuwa, fuskata ta yi tsirara." Ɗiyarta Larai cikin zanen ga ta buɗe ido. Tana shan nono tana bin ɗigon da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har barci shi ɗauke ta. Kafin Larai ta haifi biyu, duk sun koma, saboda haka Hauwa'u ba ta yi mata wata kara ba, a gaban kowa take goya abinta.

Shekarar da Larai ta cika uku agana, ciwon nan mai barin zanzana a fuska, ta shigo Wurno. Mode ya fara kwantawa, bayan kwana biyar matar ta bi. Anka fitar da su bayan ganuwa, bukkokin da anka kafa wa masu ciwon, Larai kuwa anka kai ta gidan Inna Turai, goggon Mode, tsohuwa mai kirki da idonta ya fara gajiya. Mode bai kai kwana goma ba Allah ya karɓi abinshi. Hauwa'u tana kwance a bukkar da ke kusa, ba ta ma san an ɗauke shi ba sai da ta farfaɗo. Ta yi kusan wata biyu can kafin a yarda ta dawo gida.

Ni na share mata ɗaki, ni na tarbe ta. Da ta yaye mayafi, wallahi sai da na yi salati. Na sha ganin zanzana, amma wagga ta yi cin rashin imani. Kumatu da goshi duk ramu ne, gira babu ko ɗaya, gashin ido ya zube, hancin ma kamar ba nata ba. Muryar kaɗai ta rage. Ban yi kuka gabanta ba, sai da na shiga gidana na toshe baki da zane.

Washegari Inna Turai ta kawo Larai. Tare da su akwai Abdulƙadiri, wan Mode, wanda ya zo daga Goronyo don duba abin da ƙanenshi ya bari. Ya tsaya bakin ƙofar ɗaki ta waje, mu mata muna ciki. Hauwa'u ta durƙusa ta buɗe hannu.

"Larai, taho. Taho wurin Innarki."

Yarinyar ta dube ta. Ta dubi ni. Ta sake dubanta, sai ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin yaro ba, ta shige cikin zanen Inna Turai tana cewa dodo ne, dodo ne. Hauwa'u ta matso da gwiwa, yarinyar ta saki fitsari a tsaye.

Abdulƙadiri ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinshi. Ya yi gyaran murya ya ce da Inna Turai, ta yadda duk za mu ji, "Goggo, ke kin tsufa, ba ki iya riƙon yarinya. Uwa ita ta fi cancanta da ɗiyarta, na sani. Amma ba ni barin ɗiyar ƙanena inda za ta firgita har hankalinta shi taɓu. Zan koma Goronyo in dawo bayan kwana goma. In na iske ta saba da uwarta, shi ke nan, Allah shi raya. In ko ba ta saba ba, in tafi da ita cikin 'yan'uwanta."

Ba wanda ya ce bai yi adalci ba. Ni ma ban ce ba.

Tun daga ranar ni ke ɗauko Larai da hantsi in kawo ta, in mai da ta bayan azahar. Babu dabarar da ba mu yi ba. Hauwa'u ta dama mata fura da zuma irin yadda take so, ta karɓa daga hannuna ta ƙi karɓa daga nata. Ta ɓoye bayan asabari ta rera mata waƙar da take yi mata a goye, yarinyar ta saki abin wasanta ta nufi muryar da gudu tana Inna, Inna, ta ɗaga asabarin, ta ga fuskar, ta dawo da baya har tana faɗuwa. Wannan ya fi na farko ciwo. Kwana uku munka yi haka, kullum jiya ta fi yau.

Ran na uku, bayan na mai da yarinyar, na dawo na iske Hauwa'u zaune tsakar ɗaki da ƙwaryar ruwa gabanta tana kallon fuskarta ciki.

"Inna," ta ce, ba ta ɗago ba, "ba zanzanar take tsoro ba. Nema take ta rasa. Ki mai da mani zanena."

Na ce, "A'uzubillahi! Ke, kina cikin hankalinki? Takaba fa kike."

Kowa ya san hukuncin. Matar da mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma ba tozali, ba lalle, ba turare, ba kitso, ba ta fita ƙofar gida sai da larura. Kuma nan Wurno ne, garin malamai, inda ko tsohuwa mai tallan daddawa za ta karanta maki babin takaba a tsaye. Hauwa'u tana da sauran fiye da wata biyu.

"Na sani," ta ce. "Ba don namiji ba ne, Allah shi ne shaida. Wane namiji za shi dubi wagga fuska? Ɗiyata nike so ta gane ni."

"Allah ya sani, mutane fa? Su ma sun sani?"

"Wa ke ganina, Inna? Tun da na dawo fuskata a rufe take. Ko Inna Turai ba ta ganin abin da ke gaban hancinta."

Na yi mata faɗa, na tashi na fita ina ƙunƙuni. Amma ni na san kaina, bakina ne da zafi, zuciyar ba ta da ƙashi. Da gari ya waye na ɗauko tanduna na ɓoye cikin zane na shiga. Na ce mata abu ɗaya zan yi, wanda ruwa ke wankewa: tozali da garin gawayi kwaɓe da man kaɗe. In yarinya ta tafi a wanke, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Aiki bisa zanzana ba kamar aiki bisa lafiyayyar fata ba ne. Na kwaɓa jar ƙasa da alli da ɗan mai, ina gwadawa a wuyanta har launin ya zo daidai da nata, na bi ramukan ina cikewa da kan yatsa, ina dannawa ba shafawa ba, don in kin shafa sai ki kwashe abin da kinka zuba. Na ja mata gira da tozali, gashi-gashi, ba layi ɗaya kamar na masu koyo ba. Sannan na yi layin goshi da ɗigo shida da gawayi. Na ja baya na duba. Ba Hauwa'un dauri ba ce, amma daga bakin ƙofa mutum na iya cewa ƙanwarta ce.

Na kawo Larai. Ta tsaya bakin ƙofa riƙe da zanena, ba ta yi ƙara ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta saki zanen, ta taka ɗaya, ta taka biyu. Ta kai hannu ta aza yatsa bisa ɗigon farko, kamar yadda ta saba. Gawayin ya biyo yatsan, ƙasar da na cike ta ɓare, rami ya bayyana a ƙarƙashi. Yarinyar ta dubi yatsanta baƙi, ta dubi kumatun, ta juya ta ruga tsakar gida tana kuka.

Hauwa'u ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta kama ƙafata da hannu biyu.

"Kin gani, Inna? Ta zo. Har ta taɓa ni. Zanen Innarta ba shi bin yatsa, ta sani. Ki yi mani na gaskiya."

"Katambiri ba shi wankuwa, ɗiyata."

"Kwana nawa gare shi?"

"Huɗu."

"Wan mai gida sai nan da kwana shida."

To ka ji inda Shaiɗan ya shigo, ta ƙofar lissafi. Na zauna na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. In na yi shi yau, ran na biyar ya tafi, har da rarar kwana ɗaya. Kuma abin ya yi mani kyau ta wata fuska: zanen zai riƙa dishewa a hankali, yarinya tana sabawa da fuskar a hankali, ranar da ya ɓace ta riga ta san uwarta ba da shi ba. Har na ji ina yaba wa kaina. Wai ni mai dabara.

Ran nan bayan la'asar na daka katambiri. Na wanke mata fuska da sabulun salo na goge tsaf, don ba shi kama fata mai maiƙo. Ban cike ramukan ba, tun da ƙasar ce ta tona mana asiri. Na sami gashin kaza na fiƙe bakinshi, na ja layin goshi, na ja gira biyu, na ɗiga ɗigo shida. Inda ɗigo ya faɗa bisa rami sai in ga ruwan ya taru ciki, in ɗan ƙara don shi cika daidai. Na ce mata kada ta yi gumi, kada ta kusanci murhu, kuma don Allah kada ta yi kuka sai ya bushe. Ta ce, "Inna, in don wannan ne, hawayena na iya jira."

Da safe zanen ya fito baƙi, kyakkyawa, kamar ba a taɓa rabuwa ba. Na kawo Larai. Ta yi tsaye irin na jiya, ta matso, ta aza yatsa, ta duba yatsan. Fari tas. Ta aza bisa na biyu, ta duba. Ta bi su duka shida. Sai ta ɗaga kai ta ce, a hankali, kamar mai tambaya, "Inna?"

Ba zan iya faɗin abin da ya biyo baya ba. Na fita tsakar gida na zauna bisa turmi na yi kukan da na daɗe ban yi irinshi ba. Da azahar ta yi na ce Larai ta zo mu koma, ta maƙale a wuyan uwarta ta ce ba ta zuwa. Na tafi ni kaɗai na gaya wa Inna Turai, tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta ce ai jini ba ƙarya ba ne. Zancen katambiri kuwa na bar shi a cikina.

Kwana uku gidan nan ya zama gida. Ina jin dariyar yarinyar ta bisa katanga, ina jin uwar na yi mata faɗa don ta zubar da gero. In wata ta shigo gaisuwa Hauwa'u ta ja mayafi ta rufe fuska, ba mai zargin komi, kowa ya san abin da agana ta yi mata.

Ran na huɗu na shiga duba aikina. Na kai ta bakin ƙofa wurin haske, na juya fuskar dama da hagu. Inda fata ke da sauran santsi zanen ya dishe yadda ya saba. Amma cikin ramukan yana nan baƙi kamar yanzu na ɗiga. Sabuwar fatar tabo ta sha shi ta riƙe. Layin goshi ya zama jerin ɗigo, girar ma haka, ɗigo shidan kuwa ko gezau.

Shekara talatin, ban taɓa aza katambiri bisa zanzana ba. Masu zanzana ba su zuwa wurina, kunya suke ji, ni kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Kwana huɗun da nike rantsuwa da shi na fata mai lafiya ne. Gwanin iyo shi ruwa ka ci.

"Mi ya faru, Inna?" ta ce, don ta ga fuskata.

Na ce babu komi, gobe za shi tafi. Gobe ta yi bai tafi ba.

Ran nan na kai Larai gidana na ba ta gujjiya, na dawo munka rufe ƙofa. Na fara da lemun tsami. Na koma ruwan tsamiya. Na jiƙa kanwa, na kwaɓa toka, na sa sabulun salo da soso. Fatar sabuwa ce, ba ta da ƙarfi, tun a toka ta fara tsagewa. Na ce a bari haka, ta ƙwace soson ta ci gaba da kanta tana gurzawa tana cije leɓe, jini na bin haɓarta. Da ƙyar na ɓamɓare hannunta. Da munka wanke, fuskar ta kumbura ta yi ja, baƙin kuwa yana nan zaune a gindin kowane rami, ya ma fi fitowa. Garin neman gira muna shirin rasa ido.

Na ce mata saura dabara ɗaya. Gobe ta rufe fuska, ta ce ciwon ne ya tashi. Larai ta riga ta san ta, za ta zo ko da mayafi.

Abdulƙadiri ya iso da hantsi, da jaki, tare da yayarsu Habi. Ita ban san da zuwanta ba. Mace ce doguwa mai kaifin ido, ta yi karatu gidan ubanta, ita ke wa matan unguwarsu wa'azi a Goronyo. Shi ya tsaya waje kamar wancan karon, Habi da Inna Turai sunka shigo ɗaki. Hauwa'u na zaune a lungu, mayafi har ƙirji. Anka gaisa, anka yi addu'a ga mamaci. Larai tana tsakar gida tana wasa da ɗan tulu.

"To, a kira ta mu gani," in ji Habi.

Hauwa'u ta kira. Yarinyar ta shigo da gudu ta faɗa jikinta, ta hau cinyarta ta zauna. Inna Turai ta ce, "Kun gani ko? Ba na gaya maku ba?" Daga waje na ji Abdulƙadiri ya ce alhamdu lillahi, har da ajiyar zuciya. Habi ma fuskarta ta saki. Wallahi mun ci, mun gama ci, saura a yi sallama.

Sai Habi ta miƙa hannu ta shafa kan yarinyar ta ce, "Larai, ashe ba dodo ba ne? Wa ce wagga?"

"Innata ce," in ji Larai. Ta ga kamar baƙuwar ba ta yarda ba, sai ta juya ta kama mayafin da hannu biyu ta fizge. "Ga shi, duba. Ɗaya, biyu..."

Hasken ƙofa na bisa fuskar sosai. Habi ta sunkuya ta duba, ta lashi yatsa ta goga a kumatun, ta dubi yatsan. Ta miƙe tsaye a hankali.

"Katambiri," ta ce. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanena ƙasa ba ta gama cin likkafaninshi ba, ke har kin fara zane? Wa kike yi wa? Wa ke shigowa gidan ga?"

Na tashi na shiga tsakani. Na ce ni na yi, da hannuna, kuma don yarinyar ga anka yi, ba don kowa ba. Na ba su labari tun daga gawayi har zuwa soso, na nuna masu inda ta gurje fuskarta. Na rantse da duk abin da na sani. Habi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da furfurarki. Ita in ciwo ya taɓa mata hankali, ke mi ya taɓa naki?" Muryarta kuwa ta riga ta tsallake katanga, ina jin matan maƙwabta sun daina daka.

Na fita wurin Abdulƙadiri na durƙusa mashi, ni da na girme shi da shekara ashirin. Na ce, "Malam, kai ka ce in ta saba da uwarta shi ke nan. Ga ta ta saba. Da idonka ka gani."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Na faɗa, Inna, kuma na yarda da abin da kinka ce, don yarinyar anka yi. Amma kin ji unguwa ta yi shiru. Kafin azahar labarin ya kai kasuwa, kuma ba yadda kinka faɗe shi za a faɗe shi ba. Yarinya mace ce. In ta tashi a gidan ga, da wanga suna za a kira ta har ranar aurenta. Ba ni iyawa."

Na ce to a je gaban alƙali. Ya ce a je, in Hauwa'u za ta iya tsayawa gaban alƙalin Wurno da wagga fuska cikin takaba. Kuma wa za shi tsaya mata? Ba ta da wa, ba ta da kawu.

Habi ta tattara 'yan zannuwan Larai ta ɗaure. Hauwa'u ba ta yi gardama ba, ba ta roƙi kowa ba, tana zaune riƙe da ɗiyarta kamar ba da ita ake ba. Sai da Habi ta sa hannu za ta ɗauke ta sannan yarinyar ta gane. Ta ƙanƙame wuyan uwar, ta sa ƙafafu ta naɗe mata ƙugu. Sai da anka ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya, kuma uwar da kanta ta taya su, don kada a ji mata ciwo.

Anka aza ta bisa jaki gaban Habi. Tana ta miƙo hannu baya tana kiran Inna, Inna, muryarta har ta dushe. Hauwa'u ta biyo su tsakar gida, ta biyo su cikin zaure, ba mayafi, ta kai bakin ƙofar waje. Nan ta tsaya. Ƙofar gida cike da mutane, kowa na kallon fuskarta, ita kuma mai takaba ce, ba ta fita. Yatsun ƙafarta na bisa dokin ƙofa, ba ta tsallaka ba. Muna jin kukan har sunka sha kwanar masallaci, muna jinshi har bayan mun daina ganinsu.

Na kama hannunta na mai da ta ɗaki. Na zauna kusa da ita, na rasa ta inda zan fara neman gafara. Can ta yi magana, muryarta ƙalau, ba fushi ciki ko kaɗan, abin da ya fi kashe ni ke nan.

"Inna, kin san tafiyar Goronyo yini guda ce?"

Na ce na sani.

"Haka za ta yi ta kirana har su isa. Da mun bar ta tana tsorona, da yanzu tana bisa jakin nan tana cin gujjiya."